Daren Da Igiyar Tanti Ta Fitar Da Mu Daga Dajin Yankari

Kwanakin baya mijin autata ya zo yi mini sallama, zai ɗauki iyalinsa a mota su tafi hutu Jos. Na tambaye shi ko ya kai motar an duba masa, sai ya sunkuyar da kai cikin ladabi, ya ce, "Baba, ai motar lafiyarta ƙalau, in ma wani abu ya faru ga waya, sai a kira makanike." Da yake akwai kunya tsakanin mutum da surukinsa, ban ja zancen ba, na yi musu addu'a suka tafi. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin kusan ita ce amsar da na ba wani dattijo shekaru masu yawa da suka wuce, har ta kusa jawo mini asarar iyalina, cikinsu har da ita matar tasa, sa'ad da tana goye. Don haka na ga ya kamata in rubuta labarin, ko shi da sauran masu karatu za su tsinci wani abu a ciki.

A ƙarshen shekarar 1987 ina aiki a Ikko, ina zaune a Agege. Ina da wata tsohuwar mota mai kujeru jeri uku, wadda na saya a hannu, ina kuwa ji da ita kamar tsoka ɗaya a miya. A wurin aiki na ga yadda waɗansu abokan aikinmu Turawa kan ɗaure tanti a kan mota su shiga ƙasa yawon buɗe ido, duk inda dare ya yi musu su kafa su kwana. Abin ya ba ni sha'awa ƙwarai, na ce yaya za a yi baƙo ya san ƙasata fiye da ni. Saboda haka na ƙudura cewa hutun ƙarshen shekara zan kai iyalina dajin Yankari da ke Jihar Bauchi, tafiyar da ta haura kilomita 1,000, kuma a tanti za mu riƙa kwana har mu isa.

Mu bakwai muka shirya: ni da maiɗakina, da yara uku, da ƙanena wanda ke karatu a lokacin, sai kuma Kawu, watau yayan mahaifiyata. Shi Kawu tsohon direba ne. Ya fi shekara 30 yana jan babbar mota, yana ɗaukar goro daga Shagamu da Agege zuwa Kano, ya komo da shanu ko wake, har ƙarfinsa ya ja baya ya ajiye. Bai yi boko ba, amma in inji yana aiki yakan karkata kunne ya gaya maka abin da ke damunsa.

Ana jibi za mu tashi na kai motar gareji aka juye baƙin mai, aka duba birki. Makaniken ya kira ni ya nuna mini fambel, watau wannan ɗamarar roba da ke gaban inji, ya lanƙwasa ta na ga duk cikinta ya tsattsage. Ya ce in sake sabuwa, ko kuwa in saya in ajiye a mota. To, a lokacin nan kayan gyaran mota sun yi tashin gwauron zabi, tun bayan da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki a 1986, wanda jama'a suka fi sani da SAP, darajar Naira ta faɗi. Ga shi kuwa na riga na kashe kuɗi wajen sayen tanti biyu, da risho, da gidan sauro, da fim na ɗaukar hoto. Sai na ce masa a bari sai na dawo. Gaskiyar magana, kuɗin fambel ɗin bai kai na fim biyu ba.

Ran Laraba 30 ga Disamba, bayan sallar asuba, muna ɗaure kaya sai Kawu ya zagaya motar, ya tattaɓa tayoyi, ya duba safaya da jak, kana ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, ina fambel na ajiya?" Na ce, "Kawu, ai motar ba ta daɗe da fitowa daga gareji ba. In ma wani abu ya faru, ko'ina akwai makanikai." Bai ce mini kome ba. Na dai ga ya koma ɗaki ya ɗauko wata tsohuwar jakarsa ta sufanu, da wuƙa, ya cusa ƙarƙashin kujera.

Kwana biyun farko tafiya ta yi daɗi. Muka bi ta Ibadan da Ilori, muka kwana a bakin kogin Kwara kusa da Jebba, inda masunta suka sayar mana da kifi muka gasa. Kashegari muka bi ta Mokwa da Bida da Suleja, muka ratsa Abuja, wadda a lokacin ana tsakiyar gininta, domin sai a 1991 gwamnati ta tare a cikinta. Daga nan muka wuce Keffi da Akwanga, muka kafa tanti kusa da magangarar ruwan Assop, a gindin tsaunukan Filato. Daren nan muka sha sanyin hunturu, amma yara sai murna suke yi. Ni kuwa sai hura hanci nake yi, ina ganin dabarata ta ci.

Ran Juma'a, 1 ga Janairu 1988, muka kama Hawan Kibo. Duk wanda ya san hanyar Jos ya san wannan hawa, inda manyan motoci ke rarrafe kamar za su koma da baya. Muna tsakiyar hawan sai muka ji wata 'yar ƙara daga gaba, kamar kukan tsuntsu. Kawu ya ce in mun kai bisa in tsaya. Ya buɗe murfin inji, ya danna fambel da babban yatsa, ya kwance ƙusar dainamo ya ja shi baya har ɗamarar ta yi tsauri, ya ɗaure. Sa'an nan ya ce, "Wannan ya gama aikinsa. In mun shiga Jos a saya." Muka shiga Jos da hantsi, muka tarar yawancin kantuna a rufe saboda hutun sabuwar shekara. Da na yi haƙuri na bi unguwannin masu kayan mota da na samu, amma sai na ce a bari sai Bauchi, kada mu rasa Juma'a. A Bauchi kuma bayan an sauko daga masallaci muka tsaya cin abinci, muka yi la'asar, na duba agogo na ga rana ta yi, ina tsoron kada a rufe ƙofar daji kafin mu isa. Kawu ya sake tuna mini, na ce, "Kawu, saura ƙiris mu kai. Abin da ya kawo mu tun daga Ikko ai ba zai gaza a nan ba." Sau uku ke nan ana nuna mini rami ina tsallake maganar.

Muka bi hanyar Gwambe har Dindima, inda gadar kogin Gongola take, muka karya dama zuwa ƙauyen Mainamaji, bakin ƙofar dajin. Ga wanda bai san wurin ba, Yankari daji ne mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,200. A 1956 aka keɓe shi domin kare namun daji, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Babu gari ko ƙauye a cikinsa, sai masaukin baƙi na Wikki, wanda ke kimanin kilomita 40 daga ƙofa. Masu gadi suka rubuta lambar motarmu, suka gargaɗe mu kada kowa ya fita yawo a ƙasa, kada kuma mu hura wuta, muka shige wajen ƙarfe biyar da 'yan mintoci.

Mun ci kusan rabin hanya, yara suna ta nuna gwanki da mugun dawa a gefen hanya, sai na ji wani abu ya yi fat a ƙarƙashin murfin inji. Nan take jar fitilar batir ta kama. Kawu ya ce, "Tsaya!" Ni kuwa sai na ce bari in ɗan ƙara gaba zuwa wani fili da na hango. Kafin in kai, allurar zafi ta haye har cikin ja, tururi ya turnuƙe gaban mota, dole na kashe.

A nan ya kamata in yi wa mai karatu bayanin abin da ni kaina ban fahimta ba sai a daren nan. A irin motocin wancan zamani, wannan ɗamara guda ita ke ɗauko juyi daga inji ta juya abu uku: famfon da ke zagaya da ruwa tsakanin inji da lagireto, da fankar da ke hura wa lagireto iska, da dainamon da ke cajin batir. In ta tsinke, ruwa ya daina zagayawa, wanda ke cikin inji ya tafasa cikin 'yan mintoci, batir kuma ya shiga cin guzurinsa ba mai ƙara masa. In aka ci gaba da tafiya a haka sai gasket ya ƙone, ko kan inji ya lanƙwashe, daga nan kuwa sai dai a jawo mota da sarƙa.

Na fito a gigice na ɗaga murfi, na kai hannu zan buɗe marfin lagireto. Ban san sa'ad da Kawu ya iso ba, sai ji na yi ya buge mini hannu da ƙarfi, abin da bai taɓa yi mini ba tun ina yaro. Ya ce, "So kake ka toye fuskarka?" Ashe ruwan ciki a matse yake, zafinsa ya wuce na tafasar tukunya, da an buɗe sai ya yi tsartuwa sama. Na ce to a kawo jarka a kwara wa injin ruwa ya huce. Ya ce wannan ma ba a yi, domin ƙarfe mai zafi in ya ji ruwan sanyi farat ɗaya tsagewa yake yi. Ya ce, "Zauna. Yanzu ba abin da motar nan ke so sai a ƙyale ta."

Rana ta faɗi. Tun da muka tsaya ko mota ɗaya ba ta gifta ba, domin masu zuwa hutu sun riga sun isa tun da rana. Ƙanena, da yake jini na tafasa, ya ce zai taka a ƙasa zuwa Wikki ya nemo taimako. Kawu ya ce ba inda za shi: tafiyar kusan kilomita 20 ce, cikin dare, a dajin da ke da zaki da ɓauna da giwa. Na ce to mu kafa tanti mu kwana. Ya ce tanti a nan ba shi da bambanci da tabarma, mata da yara su zauna cikin mota a ɗaga gilashi. Maiɗakina ta ce ko a hura wuta don namun daji. Ya ce an hana mu, kuma ciyawa ta bushe ƙamas, ga iskar hunturu, in ta kama mu za ta fara ci.

Sai maganar ruwa. Jarka ɗaya ta rage mana, ita ma ba a cike ba, ga lagireto ya zubar da mai yawa, ga yara uku. Kawu ya cika buta ɗaya da gora ɗaya ya miƙa wa maiɗakina, ya ce wannan na yara ne, ko motar za ta ƙone kada a taɓa. Sauran ya ce na inji ne. Muka yi taimama muka yi magariba, biyu suna salla ɗaya yana tsaye yana duba daji. Ban taɓa yin sallar da na san ina roƙon Allah da gaske kamar wannan ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗana na fari, mai shekara tara, da ya leƙo ta taga ya ce, "Baba, ai kai za ka gyara ko?" Na rasa amsar da zan ba shi.

Da inji ya huce har ana iya ɗora hannu a kansa, Kawu ya sa tsumma ya buɗe marfin a hankali, ya zuba ruwa kaɗan kaɗan har ya cika. Sa'an nan ya ce a kwanto masa tanti. Ya yanke igiyoyin nan na roba da ake ɗaure tanti da su a jikin turaku, ya haɗa uku ya tufka su kamar mai tufkar igiyar guga. Ina riƙe da tocila, ya zagaya igiyar a kan gargaren inji na ƙasa, wanda makanikai ke kira fuli, da na famfon ruwa, ya bar na dainamo. Na tambaye shi dalili, ya ce dainamo nauyi gare shi, igiya ba za ta iya jansa ba, za ta yi ta zamewa har ta tsinke. Abin da muke bukata yanzu ruwa ya zagaya kawai. Ya ja iyakar ƙarfinsa, ya ƙulla, ya yanke bakin, ya ƙyasta ashana ya narka shi don kada ƙullin ya warware.

Shi ya karɓi tuƙi, ban kuwa yi musu ba. Ya ce tun da batir ba ya samun caji, ba za mu kunna fitila ba. Allah Ya taimake mu wata ya haura kwana goma, akwai farin wata, ko da yake hazo ya rage masa haske. Ya kuma buɗe na'urar ɗumama cikin mota har ƙarshe, ya ce ita ma tana janye zafi daga inji. Muka tashi a hankali, ba ya taka totur sai kaɗan. Ba mu yi kilomita uku ba igiyar ta suɓuce. Muka tsaya, aka jira inji ya huce, ya sake tufka wata, wannan karon ya yi ƙullin ƙarami ya kuma ƙara tsaurinta. Haka muka riƙa yi: in allura ta fara hawa a kashe a jira, in ta sauka a tayar. Kowace tayarwa kuwa tana rage ƙarfin batir, muna jin yadda kukan tayarwar ke ƙara sanyi.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, muna cikin wata gangara, sai Kawu ya taka birki ya kashe mota, ya ce da murya ƙasa ƙasa, "Kowa ya yi shiru." Da farko na zaci duwatsu ne a kan hanya, sai na ga dutse ya motsa. Garken giwaye ne ke ƙetare hanya, wataƙila sun nufi kogin Gaji, manya a gefe 'ya'ya a tsakiya. Abin mamaki, da girmansu duka ba ka jin takunsu, sai ƙarar rassan da suke karyawa da wani gurnani mai zurfi da kake ji a ƙirjinka. Wata babba ta tsaya ta juyo ta fuskance mu, ta buɗe kunnuwa, ta ɗaga hanci. Daidai lokacin autata ta farka ta fara ƙananan kuka, uwarta ta yi maza ta sa mata nono. Ban san tsawon lokacin da giwar nan ta yi tana dubanmu ba; a wurina dai ya fi shekara. Daga bisani ta sauke hanci ta bi 'yan'uwanta.

Kawu ya bari har muka daina jin karyar rassa, kana ya murɗa mabuɗi. Mota ta yi wani nishi sau biyu ta yi shiru. Batir ya ƙare. Ya juyo ya ce, "Ɗan nan, kai da ƙanenka sai ku fita ku tura." Na dubi wurin da giwaye suka shige, na dubi yara, na buɗe ƙofa na fita ƙafafuna suna rawa. Allah Ya sa gangara ce. Ya sa giya ta biyu ya danne kuloci, muka tura har ta ɗauki gudu, ya saki, motar ta yi tsalle ta kama. Yadda muka bi ta da gudu muka faɗa ciki, har yau in muka haɗu da ƙanena sai mun yi dariyarsa, amma a daren nan ba wanda ya yi dariya.

Ƙarfe ɗaya saura muka hango fitilun Wikki. Ma'aikatan wurin suka taso da mamaki, suka ba mu ruwa, suka nuna mana inda za mu sauka. Tanti ɗaya kaɗai ya kafu, domin igiyoyin ɗayan sun tafi aikin inji. Mata da yara suka shiga, mu maza muka kwana a mota. Da safe wani direba da ya kawo baƙi daga Kano ya ji labarinmu, ya buɗe bayan motarsa ya ɗauko fambel cikin guda biyu da yake ajiye da su, aka gwada ya yi daidai. Na ciro kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce shi ma an taɓa yi masa. Guda biyu yake yawo da su, ni kuwa na tsaya ƙyashin sayen ɗaya.

Mun yi kwana uku a Yankari. Yara suka yi ta wanka a maɓuɓɓugar Wikki, wadda ruwanta garau yake, ɗuminsa kuma yana nan wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. Gwaggon biri ya sace mana burodi a gaban idonmu. Amma abin da na fi tunawa shi ne safiyar farko, da na sami Kawu zaune a gindin bishiya yana jan carbi, na durƙusa na ce, "Kawu, na yi kuskure, a gafarce ni." Ina jiran faɗa, sai ya ce, "Ni ma sai da na kwana uku a dajin Birnin Gwari da lodin goro yana lalacewa kafin na koya. Kai Allah Ya rangwanta maka, dare ɗaya ka biya." Daga ranar har ya rasu a 1996 bai sake tayar da zancen ba, ko a gaban mutane ko mu biyu.

Abubuwa da yawa sun sake tun daga lokacin. Gwamnatin Tarayya ta karɓi Yankari a 1991, kana ta mayar wa Jihar Bauchi a 2006, garken giwayensa kuwa yana cikin mafi girma da suka rage a Nijeriya. Kwana a tanti a bakin hanya, irin wanda muka yi a Jebba da Assop, ba zan ba kowa shawararsa ba a yau, saboda halin rashin tsaro da hanyoyinmu da yawa suka shiga. Mai son kwanan tanti ya nemi wuri mai masu gadi. Motoci ma sun sake. Yawancin na yanzu ɗamara ɗaya ce doguwa ke zagaya gargare biyar ko shida, fanka kuwa da lantarki take aiki, saboda haka dabarar igiya da wuya ta yi amfani. Mota mai canja giya da kanta kuma ba ta tashi da turi. Watau direban yau ya fi na jiya bukatar rigakafi, domin hanyoyin kuɓutarsa sun ragu. Ita kuwa waya, akwai dazuzzuka da dama da ba ta kamawa, in ma ta kama ba makaniken da zai taso ya same ka a tsakiyar daji da tsakar dare.

Don haka ga abin da na koya, na kuma riƙe har na daina tuƙi. Kafin doguwar tafiya a duba ɗamara da tiyon ruwa da batir da tayoyi, har da safaya, abin da makanike ya ce ya gaji a sake shi a gida. A riƙe ruwa kashi biyu, na mutane dabam na mota dabam. In jar fitila ta kama ko allurar zafi ta hau, a tsaya nan take, kada a ce bari a ɗan ƙarasa. Kada a buɗe lagireto da zafi. A tsara tafiya yadda za a isa masauki da sauran rana, a kuma sanar da wani hanyar da za a bi da lokacin da ake sa ran isa. In kuwa mota ta mutu a daji, zama cikinta ya fi yawo a ƙasa. Bayan waɗannan duka, in akwai dattijo a motar ya ce a tsaya a sayi abu, to, a tsaya a saya, domin abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Guntuwar igiyar nan tana nan a akwatina, ta yi baƙi, ƙullin Kawu bai warware ba. Na yi niyya in surukina ya dawo daga Jos in ba matarsa ta kai masa, ita ta ba shi labarin, tun da ni bakina ba zai iya ba. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa Aljanna ce makomarsa, mu kuma Ya kiyaye mana hanyoyinmu, amin.